Tanadin kicin ɗinmu, daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu

Asabar, 14 ga Satumba, 2024

Mu bakwai ne a gidan nan cikin Kano: ni, Abbansu, yara huɗu, sai Hajiya mahaifiyarsa da ta dawo wurinmu da zama. Tumatir ne ya sa na buɗe wannan littafi. Tsakanin Mayu da Yuni na bana sai da ta kai ana ƙirga mana shi ɗai-ɗai a faranti, miya ta koma ta tumatirin leda, yara suna ci suna yatsina. Ga azumi zai kama a farkon Maris, bayansa kuma zafi ya shigo, kayan miya su sake hawa.

Abin da muka tsayar da Abbansu shi ne tukunyar gidan nan ta riƙa bin kasuwa. Abin da ya yi yawa a lokacinsa shi za mu ci, wanda ke shanyuwa kuma mu shanya mu ajiye. Yara suka ƙara nasu sharaɗin, wai a riƙa fita da su zuwa inda ake noma abin ko kama shi, don autan har yanzu yana zaton a shagon unguwa gero yake tsirowa.

Na ɗauki adashina, naira 250,000, na ware shi don kayan ajiya kaɗai. Man mota na Abbansu ne, amma shi ma zan riƙa rubutawa, in ba haka ba lissafin zai yi ƙarya. Hajiya na kan dadduma tana jin mu, ta ce, “Mu a zamaninmu ba a littafi ake ganin tanadi ba, a rumbu ake ganinsa.” Abbansu ya ce, “Hajiya, ai gidan haya ba rumbu.” Ta ce to Allah ya ba da sa’a.

Abin da ke sito yau: rabin kwanon tsohuwar kuka da ta koɗe, daddawa kaɗan, gero bai fi na kunun mako biyu ba.

Lahadi, 22 ga Satumba

Kasuwar Yankaba da sassafe. Ganye ya yi arha har masu sayarwa na kiran mutum da hannu biyu: rama, yakuwa, alayyahu, lalo, zogale, ga kabewa an fara tulawa. Na kashe naira 4,500 kuma da ƙyar yaron da ya ɗaukar min kayan ya kai su bakin titi.

Da rana kwaɗon rama. Na dafa ta na zubar da ruwan farko saboda tsami, na matse, na zuba ƙuliƙuli da albasa da ɗan yaji da man gyaɗa. Babbar ’yata ta ci har da ƙari, na biyun ya ce shi ba akuya ba ne, ya je ya jiƙa garin kwaki. Gobe dambun zogale, za mu ga ko akuyar za ta sauya ra’ayi.

Sauran zogalen mun tsige shi mu uku da Hajiya da babbar, muka baza a tabarma cikin ɗakin baƙi, taga a buɗe. A inuwa ake shanya shi. Wanda ya sha rana yakan yi fari-fari, ƙamshin ya gudu, kuma irinsa ne ya cika kasuwa da rani.

Juma’a, 27 ga Satumba

Kuɓewa ta lalace, kwando guda, naira 6,000.

Ranar Talata na sayo ta, ƙanana masu taushi waɗanda kan ƙarye da an lanƙwasa bakinsu. Muka yanka ƙwaya-ƙwaya har hannu ya yi ƙaiƙayi, muka baza a buhuna a tsakar gida. Sama ta yi tas tun farkon mako, maƙwabta ma duk sun fito da shanyarsu, kowa na cewa ruwa ya ɗauke. Laraba ta sha rana sosai ta fara yaushi. Daren Alhamis, wajen ƙarfe biyu, iska ta taso, kafin mu farka mu kwashe ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka shigo da ita a jiƙe, muka baza a falo da fanka, amma garin ya wuni da hadari, ba rana ba iska. Yau da safe ta yi yauƙi ta manne da juna, baƙin fumfuna ya fito a gefe-gefe, ga wani wari mai tsami.

Na so in tsince masu kyau. Hajiya ta ɗebo, ta sunsuna, ta ce, “Zubar. Wadda ba ta nuna ba ma ta ɗauka.” Na zubar, har da buhunan na wanke na shanya.

Kuɓewa ba kamar ganye ba ce, ruwa ne cike da cikinta, tana son rana mai ƙarfi a jere. Ba zan sake yanka wata ba sai an shiga Oktoba da kyau. Zogalen ɗakin baƙi kuwa ya bushe kore shar, ya cika babbar roba mai murfi.

Talata, 1 ga Oktoba

Hutun ranar ’yanci, muka ɗebi yara zuwa ƙauyen su Abbansu ta hanyar Dambatta. Mai naira 9,000. Hajiya ta ce ƙafarta ba za ta iya ba, ta dai ba da saƙon goro da sabulu ga Goggo.

An gama yankan gero, dammuna na jere a bakin gonaki suna jiran amalanke. Dawa tana tsaye, ta yi kai ba ta nuna ba. Ga tumu mun makara, amma Goggo ta aika wani yaro gonar da aka yi shukar baya, ya samo ’yan zangarniya masu ɗanye-ɗanye. Aka babbaka a wutar kara, aka murje a tafi, aka fece. Autan ya cika baki ya ce, “Umma, wannan ma gero ne?” Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, “Kai ɗan birni, ubanka da wannan ya girma.” Aka kawo dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira da gurjiya, sannan fura da nono da aka dama a ƙwarya. Nonon ƙarshen damina daban yake, shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa, kauri gare shi da maiƙo. Na sayi man shanu na naira 5,000 wurin wata Bafulatana da ke kawo wa Goggo.

Amma abin da ya kai ni kuka ce. Akwai kukoki da dama a bayan gari, Goggo ta wuce biyu ba ta ko kalle su ba, ta tsaya a ta uku. Na ce, “Goggo, waɗancan fa?” Ta ce ganyensu ɗaci gare shi, kowa a garin ya san wadda ake miya da ita. Ni dai a ido duk ɗaya suke. Samari suka hau suka sassabo rassa, muka zauna a gindin muka tsige. Ta ce in baza a inuwa, in riƙa juyawa, kada in daka sai ganyen yana ƙara in an damƙa, in an daka kuma a tankaɗe da rariya mai laushi a zubar da jijiyoyin. Ta kasuwa da ke yin ruwan ƙasa, in ji ta, ko dai rana ta ci ta, ko an daka ta da itacen ganyen don ta yi auki.

Mun dawo da buhu biyu na ganye, kabewa uku kyauta, da kaza da Goggo ta ɗaure wa autan. Kazar tana bayan gida yanzu, an hana kowa maganar yanka.

Laraba, 9 ga Oktoba

Miyar taushe da tuwon shinkafa: kabewar Goggo, yakuwa, gyaɗa, ƙashin rago. Jiya faten tsaki. Kuka ta bushe, an daka, buhu biyun nan sun koma kwano uku da ɗan ɗori. Launinta kaɗai ya isa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Dawanau, ni da Abbansu da manyan yara biyu. Kasuwar tana kan hanyar Katsina, an kafa ta a 1985, kuma ana cewa babu kasuwar hatsi da ta kai ta girma a Afirka ta Yamma. Wanda ya shiga ba zai yi musu ba. Layin gero daban, na wake daban, na riɗi, na rogo, manyan motoci na lodi zuwa Nijar da kudu. Na biyun, mai cewa shi ba akuya ba ne, ya tsaya yana kallon ’yan dako suna gudu da buhu a ka, bai ce uffan ba sai a mota.

Sabon gero buhu naira 68,000, dako da ɗauri 2,000. In aka raba kan kwano arba’in ya kama 1,700, a unguwa kuwa 2,000 ake ba mu. Mai na zuwa da dawowa 4,000, don lita ta haura naira dubu a watan nan. Wannan fita ta biya kanta. Mai geron ya soka bututu a gindin buhun da tsakiyarsa ya zubo min a tafi, na tauna, ya ce ƙas. Da bai bushe ba da ya lanƙwashe a haƙori.

Wake bai sauko ba tukuna, tsoho ne a kasuwa, kuma da ganin yadda ba ƙwaro ko ɗaya a cikinsa mutum ya san ya sha magani. Zan jira sabo. Na dai sayi buhun ajiya guda biyu mai leda biyu a ciki, 2,500 kowanne.

Sabuwar kuɓewa ta 7,000 tana tsakar gida tun Laraba, rana na dukanta yadda ake so. Abbansu kuma ya shiga watandar saniya da abokan aikinsa, kasonmu ya cika firiza.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Tun ranar Litinin babu wuta, kuma ba unguwarmu kaɗai ba, kusan duk Arewa ce. A rediyo an ce an lalata babban layin da ke kawo wuta daga Shiroro, ɗayan da ake lallaɓawa da shi kuma ya samu matsala.

A firiza akwai naman watanda na naira 45,000, markaɗen kayan miya roba huɗu, man shanun ƙauye, da kifi. Litinin da Talata ban bari an buɗe ba. Laraba da safe na ɗaga murfi, ƙanƙarar gefe ta narke, ruwan jini ya kwanta a ƙasa. Na aika a sayo ƙanƙara, yaron ya dawo ya ce layi ne, kuma wadda muke saye 300 ta koma 1,000. Janareto gare mu ƙarami, ba ya ɗaukar firiza, ko yana ɗauka ma da wane man?

Hajiya ce ta karɓi ragamar. Ta sa aka fito da naman duka, aka ware. Mai ƙashi aka tafasa da gishiri da citta, aka soya shi ƙarau a mai, aka juye a tukunya man ya rufe shi. Tsokar aka dafa da albasa, kanumfari, masoro da citta har ruwan ya ƙone a jikinta, muka daka a turmi, aka soya a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya zama dambu. Tun hantsi muke yi sai bayan isha’i, da fitilar waya. Man shanu ta narka shi da albasa har ya daina kumfa, ta tace a kwalba, ta ce wannan ko shekara zai yi. Kifin muka ci a daren, muka aika wa maƙwabta. Markaɗen ne bai tsira ba, roba uku sun kumbura sun yi tsami, ɗaya na tafasa na ƙone ruwan na soya.

Asara: markaɗe kamar na 8,000. Ƙarin kashewa: man gyaɗa 7,500, gawayi 3,000. ’Yan ga-ruwa ma sun ninka kuɗin kura saboda rijiyoyin burtsatse ba wutar ja, niƙa ya tashi.

Kuka, zogale, kuɓewa da gero suna sito, ko a jikinsu. Da niyyata in cika firiza da markaɗen tumatir in ya yi arha a Janairu. Na fasa. Kauɗa zan yi.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Wuta ta leƙo jiya, yaran unguwa suka ɗauki ihu. Na wanke firiza da ruwan zafi da lemon tsami, har yanzu da sauran ƙarni. Kuɓewa ta bushe, rabi na daka, rabi na bari ƙwaya. Dambun nama yana raguwa ta hanyar da ba a gano ba, kowa ya rantse ba shi ba ne.

Juma’a, 8 ga Nuwamba

Wudil bayan an sauko daga masallaci, tunda ranar kasuwarta ce. Yara sun so su ga kara, inda ake cinikin shanu, Abbansu ya zagaya da su, ni na tsaya wajen masu kifi kusa da gada.

Ga karfasa, ga kurungu, ga ragon ruwa, ga tarwaɗa a baho tana motsi. Na tambayi wani dattijo, “Baba, wannan tarwaɗar ta kogin nan ce?” Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, “Hajiya, in ta kogi kike so ga ta can, ƙanana baƙaƙe. Waɗannan manyan na kiwo ne.” Na ji daɗin gaskiyarsa, na sayi ta kogin da karfasa na 9,000, da banda na 6,000. Yara suka ci soyayyen kifi da yaji a takarda a tsaye, suna kallon masu kwalekwale.

Lissafi dai bai fita ba. Mai ya ci 11,000, ga cunkoson ranar kasuwa, kuma bambancin farashi da na cikin gari bai kai 3,000 ba. Wanda zai zo Wudil don arhar kifin gida ɗaya, gara ya zauna. In don yara su ga kogi ne da inda kifi ke fitowa, wannan kuma wata magana ce, a aljihun Abbansu take.

Farfesun tarwaɗar kogi da daddawa da dare. Namanta tsantsan ne, ba kitsen nan na ta kiwo. Hajiya ta sha romo kofi biyu ba ta ce komai kan mai mai tsada ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Sabon wake ya shigo. Wani ɗan’uwan Abbansu ya kawo mana kwano goma sha biyar daga ƙauye a 2,800, jimla 42,000, ba a taɓa sa masa magani ba. Na ƙara masa rana, na tsince, na zuba a buhun nan mai leda biyu. Kowace leda ana matse iskarta a murɗe bakin a ɗaure daban, sannan a ɗaure buhun waje. Ƙwaron da ke ciki iska ce ke ƙare masa ya mutu. Masu bincike na jami’ar Purdue ta Amurka ne suka fito da dabarar tare da takwarorinsu na Afirka, tun wajen 2007 ake yaɗa ta a Nijar da Najeriya. Sharaɗinta ɗaya, kada a riƙa buɗewa, don haka na ware na ci a jarka. Na ɗora buhun kan katako saboda ɓera, huda ɗaya ta ɓata aikin.

Gyaɗa kwano shida, 21,000. Maƙwabciyata mai sana’ar ƙuliƙuli ta soya, aka kai niƙa, ta matse da ruwan zafi. Mai ya kusa lita huɗu, tunkuzar ta zama ƙuliƙuli cike da bokiti. Ladanta da niƙa 4,000.

Ɗanwake da kukarmu da man gyaɗarmu. Na biyun ya yi ƙari.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Hunturu ya sauka, hazo da safe, leɓe na tsagewa. Kunun tsamiya da ƙosai kafin makaranta, da dare tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Yara biyu na mura. Fara ta fito, babbar ta sayo ta ɗari biyu a hanya, Abbansu ya yi faɗa sannan ya ci rabi.

Litinin, 23 ga Disamba

Jiya muka dawo daga Jos. Tun Juma’a muka tafi da aka ba da hutu, muka sauka gidan Yayata. Mun bi ta Kwanar Ɗangora, Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka, muka hau tudu ta Jengre. Da sassafe muka tashi don mu ratsa dajin da rana tsaka. A Saminaka duk inda aka duba masara ce, an baza a shanya, an jera buhuna a bakin titi.

Sanyin Jos ya wuce namu. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa abin da ke wahalar da manomin Kano sai da ban-ruwa da lallashi, a can yake yi a sake. Asabar Yaya ta kai mu kasuwar Farin Gada. Kabeji ƙato-ƙato, karas da ganyensa, koren wake, koren tattasai, latas, kokwamba, ga dankalin Turawa da ake kawowa daga wajen Bokkos da Mangu. Yara suka ga sitiroberi a ’yan robobi, wanda a hoton kwalin alewa kaɗai suka san shi. Yaya ta ce a wajen Vom ake noma shi, yanzu ne lokacinsa. Aka saya, autan ya gatsa ya runtse ido, ya ce ashe tsami gare shi. Goruba ta fi masa.

Abin da ya fi tsaya min a rai gwate ne. Maƙwabciyar Yaya, wata dattijuwa ’yar Birom da kowa ke kira Mama, ita ta dafa mana na acca. Ta fara da ƙashi mai guringuntsi ya dahu lugub, ta zuba gauta da albasa da attaruhu, sannan acca tana juyawa kada ta dunƙule, a ƙarshe yakuwa da alayyahu masu yawa, ta sauke tun ganyen na kore. Ba mai ko ɗigo. Ya yi kama da fatenmu, sai dai ya fi shi sauƙi a ciki, ana sha ana gumi duk da sanyin. Na ce, “Mama, me ya sa namu faten ba ya wannan ɗanɗano?” Ta ce, “’Yata, ku Kanawa mai kuke zubawa har ya rufe bakin ganyen.” Ban yi gardama ba.

Lahadi kafin mu kamo hanya yara suka leƙa gidan adana kayan tarihi, wanda aka buɗe tun 1952, da gidan namun daji da ke gefensa.

Kuɗi: mai 85,000 zuwa da dawowa. Acca kwano biyar 20,000, daga kuɗin ajiya. Dankali rabin buhu da kayan lambu 30,000, Abbansu ya biya. Ba wanda zai kira wannan neman arha, zumunci ne aka haɗa da cefane. Sai dai ya cinye tafiyar Maigatari da muka shirya ranar Alhamis don zoɓo da riɗi. Abbansu ya juye aljihunsa a gaban yara, magana ta ƙare.

Lahadi, 29 ga Disamba

Tuwon acca na farko a gidan nan bai ciwu ba. Mai sayarwar ta ce min wankakkiya ce, a zuba a tukunya kawai. Na ɗauraye sau ɗaya na tuƙa, ya yi kyau a ido, fari sol. Loma ta farko Hajiya ta tsaya, ta kai hannu baki. Yashi. Ƙwayar acca ƙanana ce ƙwarai, girmanta ɗaya da yashin, rariya ba ta raba su. Na kira Yaya, ta haɗa ni da Mama. Ta ce ƙwarya biyu ake sa wa, a rege a hankali daga wannan zuwa waccan, yashin na kwanciya a gindi ana zubarwa, a yi ta yi har a daina jin ƙarar sa a jikin ƙwaryar. Yau na rege kwano ɗaya, abin da ya fito ya kusa cika cokalin miya. An yi gwate, ya ciwu.

Dankali na baza a ƙasan gado a ɗakin baƙi, wurin duhu, don haske na sa shi kore. Zoɓo kwano huɗu 6,000, wata abokiyar aikina ’yar Gumel ta taho min da shi, baƙi mai kauri. Ta ce a can manyan ’yan kasuwa ke saye buhu-buhu ana fitarwa har Meziko.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Kwanar Gafan, kan hanyar Zariya, da yara duka. Tun daga Kura ake fara ganin kore a tsakiyar rani, magudanan ruwa na bin gefen gonaki, alkama ta yi tsawon gwiwa, ga albasa, ga tumatir ja-ja-ja. Ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gina a zamanin Audu Bako aka kammala a 1974. Abbansu ya tsaya a wajen Kadawa yara suka sauka suka ga yadda manomi ke fasa bakin fangali ruwa ya shiga, ya toshe ya buɗe na gaba.

Kasuwar kanta kwanduna ne iya ganin ido, ana rufe bakinsu da takarda da ciyawa ana lodi a manyan motoci zuwa Legas da Fatakwal. Mai sayen kwando uku ba kowa ba ne a wurin, sai da muka samu wani dillali ya haɗa mu da manomin da ya rage kaya. Na nemi ɗan UTC, mai tauri da ƙarancin ruwa, shi ne na shanya. Kwando 9,000, uku 27,000. Irin wannan kwandon ne a watan Yuni mutum ba ya ko tambaya. Manomin ya ce zafi na shigowa furen ke zubewa, ga tsutsar nan da suke kira sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016 kuma har yau takan dawo. “Hajiya, yanzu mu ke roƙon ku, nan da wata huɗu ku ke roƙon mu.”

Tattasai da attaruhu 15,000. Mai 10,000. Ko da man, wannan fitar ta fi kowace riba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Gidan ya zama ja. Ana raba kowane tumatir biyu, a kwantar da shi cikinsa na kallon sama. Kwandon farko a buhuna muka baza a ƙasa, kuma iskar hunturu mai busar da shi ita ke kawo ƙura. Zuwa yamma ya yi furu-furu, ga ƙuda. Kauɗar da ake shanyawa a bakin titi ke nan, mai sa miya ta yi baƙi da ƙasa-ƙasa.

Na biyun ne ya kawo dabara. Ya jera bencina biyu, ya ɗora tsohuwar ƙofar langa-langa, muka shimfiɗa buhu mai tsabta, ya kafa sanduna ya rufa tsohon gidan sauro a kai. Ƙuda ya ƙare, ƙura ta ragu sosai. Da magariba muna shigarwa saboda raɓa. Na ƙasan zan ajiye shi daban, a wanke da ruwan ɗumi kafin a jiƙa.

Tumatir kusan duk ruwa ne. Kwandon da mutum biyu suka sauke daga mota ya koma kwano huɗu da ƙyar. Kazar autan ta samu shiga sau ɗaya, an ɗaure ta.

Asabar, 25 ga Janairu

An gwada kauɗar ƙarƙashin gidan sauro. Na jiƙa a ruwan zafi da busasshen tattasai, na markaɗa da albasa mai yawa, na soya da ɗan kanwa don tsami. Miyar ta fi ta ɗanye duhu kaɗan, amma ba wanda ya gane sai da na faɗa. Hajiya ta sa aka kai ta sito, ta buɗe robobi ɗaya bayan ɗaya, ta ce kuɓewar ba za ta kai damina ba, a ƙaro.

Tsamiya sabuwa 5,000, an ɓare an dunƙula. Daga 250,000 an kashe 228,000, saura 22,000. Mai gaba ɗaya ya ci 119,000, Jos kaɗai 85,000.

Saura albasa, tana ta sauka, zan jira tsakiyar Fabrairu in sayi rabin buhu in baza a kan yashi, lawashin kuma a yi gabu. Geron kunun azumi za a surfa a mako na ƙarshe kafin a ga wata. Alkama sai an yi girbi a Kadawa wajen Maris, Hajiya na son a yi alkaki da sallah. Buhun wake na duba ta waje, ledar na nan a matse, ba zan buɗe ba sai jarka ta ƙare. Yara sun fara maganar Dutse don dabino, Abbansu ya ce a tambaye shi bayan an yi albashi.